Kunne a Ƙarƙashin Jirgi: Aikin Na'urar Gano Kifi a Dam ɗin Tiga

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kwalin na'urar gano kifi ya iso shekaranjiya, ta hannun wani ɗan unguwarmu da ya dawo daga Amurka. Ƙanena ne ya aiko, ya ce maƙwabcinsa ya sayi sabuwa ya bar masa wannan. Abu uku ne a ciki: allo mai faɗin tafin hannu, doguwar baƙar waya, da wani dunƙulen roba mai kama da sabulun wanka, wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi ya nutse cikin ruwa. Masu abin suna kiransa tiransdiyusa. Ni kunne zan riƙa ce masa, ko da yake shi ne bakin kuma shi ne kunnen.

Jirgina ƙarami ne, na gorar-ruwa, mita 4 da ɗoriya, da inji mai ƙarfin doki 15. Shekara biyu ke nan yana ajiye wurin wani dattijon masunci a bakin dam ɗin Tiga, wanda nake kira Baba. Ni ba su ne sana'ata ba, wutar sola nake haɗa wa mutane. Fatsa nake zuwa yi ranar Asabar don in huta da hayaniyar Kano. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ban san ƙasar da nake yawo a kanta ba. A 1974 aka kammala dam ɗin, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano. Kafin nan gonaki ne da daji da kwarin kogi, kuma duk suna nan kwance, ruwa ne kawai ya lulluɓe su. Ina so in zana taswirar ɗan ɓangaren da nake fatsa, in kuma koyi karanta allon nan da kyau.

Yau na gwada ta a tsakar gida. Na jona ta da ƙaramin batir mai bolt 12, na sa fiyus a jar wayar, na tsoma kunnen a duro. Allon ya cika da zane marar kan gado, lambar zurfi tana ta tsalle, domin sautin yana bugun bangon duron ta ko'ina yana dawowa. Da na ciro shi na kanga a kunnena sai na ji: tik, tik, tik, siriri kamar agogon hannu. Gefen sautin ne kawai wannan. Ainihinsa yana kaɗawa sau 83,000 ko sau 200,000 a sakan ɗaya, kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa wajen 20,000.

A cikin robar akwai ɗan faifai na wani irin tangaran. In ka ba shi wuta sai ya motsa, in ka matse shi sai ya ba da wuta. Irinsa ne a laitar da ake kunna gas da ita. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu a 1880, sannan Paul Langevin ya yi aiki da shi wajen neman jiragen yaƙin ƙarƙashin teku a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na'urar tana buga wa faifan wuta, ya yi tsawa cikin ruwa, sai ta yi shiru tana saurare. Sauti yana cin kimanin mita 1,500 a sakan cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. In ƙasa tana mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan, wato wajen kashi 13 cikin 1,000 na sakan. Lokacin nan shi kaɗai take aunawa, sai kuma ƙarfin amsa-kuwwar da ta dawo. Ba ta da ido ko kaɗan.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar ɗaura kunne. Na bi ta Kwanar Dangora da sassafe, hazo ya rufe hanya, sai wajen ƙarfe tara na isa.

Ban so in huda bayan jirgin a ƙasan layin ruwa ba, don na san sai na yi ta matsar da kunnen kafin ya zauna. Sai na yanko farin katakon roba irin na yanka nama, na manne shi da gam mai hana ruwa, na ɗaure da ƙusoshi biyu daga sama. Duk hujin da zan yi nan gaba a jikin robar zai tsaya. Na sa kunnen a hannun dama na inji, wajen kamu biyu daga farfela, cikinsa ya ɗan leƙo ƙasan jirgin kaɗan.

Baba yana zaune a kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin kalli, bai ce komai ba har na gama. Sannan ya ɗago.

“Injiniya, wannan talabijin ɗin ce za ta nuna maka kifi?”

“In Allah ya yarda, Baba. Amma ƙasan ruwa nake so ta fara nuna mini.”

“To, ƙasan ruwa kam na san shi. Ranar da za ka shiga ka kira ni, in ga ko za ta faɗi gaskiya.”

Gam yana son kwana, don haka ban shiga ruwa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Shigar farko, ni da babban ɗana. Muna barin gaɓa a hankali sai ga ƙasa ta fito a allo, jan layi mai kauri, yana gangarawa daga mita 1 zuwa 2 zuwa 3 da rabi. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Wurin da na bi ya fi sau hamsin, yau ne na fara ganin siffarsa.

Matsala biyu suka taso da na ƙara wuta. Ta farko, jirgi yana ɗaga hanci sai ƙasa ta ɓace, lamba ta riƙa ƙiftawa. In na sassauta sai ta dawo. Na ba yaron sitiyari na leƙa baya, sai na ga wani farin zaren kumfa yana fitowa daga ƙarƙashin jirgin, yana bi daidai ta fuskar kunnen. Ashe na ɗaura shi a bayan layin kawunan ƙusoshin da aka ɗinke jirgin da su, kowane kai yana tsaga ruwa yana haifar da kumfa. Iska kuwa ita ce babbar katangar sauti a ruwa. Inda ruwa ya haɗu da iska kusan dukkan sautin juyowa yake yi, don haka 'yar shimfiɗar kumfa ta isa ta toshe kunnen ɗungurungum.

Ta biyu, ɗigo-ɗigo da layuka a tsaye, masu ƙaruwa in inji ya ƙara ƙara. Wannan na gane shi nan take, don ina gamuwa da ɗan'uwansa a wurin aiki. Na nannaɗe rarar wayar na rataye ta dab da inji, tartsatsin fulogi yana shiga cikinta. Amsar da ke dawowa daga ƙasa 'yar mitsitsiyar wuta ce, na'urar tana ƙara mata ƙarfi ninki-ninki, duk wata hayaniyar da ta shigo wayar ita ma haka za a ƙara mata.

Zafin ruwan sama a allo digiri 20. Ba mu jefa ƙugiya ko ɗaya ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na matsar da kunnen yatsa huɗu zuwa dama, tsakanin layukan ƙusa biyu inda ƙarfen yake sumul, na sauke shi kaɗan, na ɗan duƙar da bayansa. Waya kuma na bi da ita ta gefen jirgi, nesa da inji. Yanzu ƙasa tana nan ko a guje.

Yau Baba ya shigo da gorarsa da igiya mai dutse. Shi da gaba yake awo, ni da mita, sai muka auna faɗin hannuwansa a miƙe da tef a gaɓa, ya ba da mita 1 da santimita 70. A wuri na farko igiyarsa ta ce gaba uku cif, wato mita 5.1, allo ya ce 4.8. Bambancin ya dame ni na ɗan lokaci, sai na tuna daga fuskar kunnen take fara lissafi, shi kuwa yana nutse da kusan santimita 30. Akwai wurin gyara wannan a cikin saitin. Na gyara, muka sake gwadawa a wuri huɗu, suka zo daidai, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Shi ma yana da dalili. Gudun sauti yana bin zafin ruwa: a digiri 20 wajen mita 1,482 ne, a digiri 25 wajen 1,497. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, santimita 10 a zurfin mita 10. Ga mai fatsa wannan ba komai ba ne.

Abin da ya fi awo daɗi shi ne karatun ƙasa. Muka koma inda gora take kaiwa. Baba ya caka ta, ta yi ƙwas, har ni da nake baya na ji ta a jikin jirgi.

“Nan fa ne,” in ji shi. “Me talabijin ta ce?”

Layin ya yi ja wur, ya yi kauri, kuma can ƙasa da shi, daidai ninki biyu na zurfin, ga wani layin na biyu mai kama da inuwar na farko. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane. Dutse ya maido sautin da ƙarfi har ya bugi saman ruwa, ya sake komawa ƙasa, ya sake dawowa. Tafiya biyu, lokaci biyu, sai na'urar ta zana ƙasa ta biyu wadda babu ita. Muka matsa cikin wani lungu, gorar ta lume shiru, ya zaro ta da baƙar laka har kamu guda.

“Wannan tun ina saurayi take kwanciya.”

A allo jan ya dushe ya koma rawaya, layin ya sirance, inuwar nan ta biyu ta ɓace. Laka tana shanye sauti kamar yadda katifa take shanye bugu. Yashi ya faɗo tsakaninsu. Haka muka wuni, shi yana caka gora yana faɗin suna, ni ina rubuta launi da kaurin layi a littafi: fa, tsakuwa, yashi, laka, ciyawa. Da ni kaɗai ne da sai in yi wata shida ina kallon launukan nan ban san sunan ko ɗaya ba. Da za mu fita ya ce, “Ba ta yi ƙarya ba, amma fa sai da na gaya mata.”

Asabar, 8 ga Fabrairu

Iska ta yi yawa, awa ɗaya kawai na yi. Na kashe saitin da yake zana 'yan hotunan kifi a allo. Na wuce ta kan wani reshe da nake ganinsa da idona a ruwa marar zurfi, ta zana mini kifi uku a kansa, har da ƙara. Duk abin da ya maido sauti tsakanin sama da ƙasa kifi take kiransa. Wanda duk ya sami irin wannan na'ura, shawarata ya fara kashe wannan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin da na kwana biyu ina shiryawa. Na sami robobin ruwan sha ƙanana guda biyu iri ɗaya. Ɗaya na rufe ta da iskarta. Ɗayar na cika ta a cikin ruwa, na rufe ta a can, don kada ko ƙwayar kumfa ta maƙale. Na ɗaura su a igiya ɗaya mai babban dutse a ƙarshe, mai iskar a sama, mai ruwan a ƙasa da ita da mita 2 da rabi. Muka tsaya a zurfin mita 8, yaron ya sauke igiyar dab da kunnen.

Mai iskar ta fito ja, mai kauri, a mita 3. Mai ruwan sai da na ƙara ƙarfin saurare kafin na ga wani siririn shuɗin zare a mita 5 da rabi. Girma ɗaya, roba ɗaya, iska ce kawai ta raba su. Wannan shi ne sirrin ganin kifi. Tsokar kifi kusan nauyinta ɗaya da ruwa, sauti yana ratsa ta ya wuce, ɗan kaɗan ne yake juyowa. Amma yawancin kifaye suna da jakar iska a ciki, farar nan da ake gani manne da ƙashin baya in ana gyaran karfasa, wadda take taimaka musu su tsaya a zurfin da suke so ba tare da wahala ba. Mafi yawan amsar da ke dawowa daga jikinta take. Kumfar da ta toshe mini kunne makonni uku da suka wuce, ita ce dai a cikin kifi take tona masa asiri.

Yaron ne ya yi tambayar da ta fi tawa. Ya ce, “Abba, me ya sa robar ta zama dogon layi, alhali guntuwa ce?”

Allon ba hoto ba ne. Kowace tsawa ɗaya tana zana siririn layi ɗaya a tsaye a gefen dama, sai a tura na baya zuwa hagu. Abin da ke gefen dama shi ne yanzu, duk sauran tarihi ne. Robar tana wuri ɗaya, mu ma muna wuri ɗaya, kowace tsawa tana samunta a mita 3, sai ɗigo ya bi ɗigo ya zama layi. Tsawon abu a allo yana nuna daɗewarsa a ƙarƙashin kunne ne, ba girmansa ba. Na sa shi ya ja igiyar sama a hankali, layin ya hau tudu. Ya sake ta, ya gangaro. Ya yi ta yi yana dariya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na bar robar mai iska a ruwa da alama a sama, na riƙa wucewa ta kanta a hankali, gudun tafiyar ƙafa. A wucewa ta uku sai ga baka ta fito, kamar jinjirin wata a kife, irin wadda ake nunawa a jikin kwalayen na'urorin.

Sautin ba a tsaye yake sauka kamar igiya ba, buɗewa yake yi kamar mazurari a kife. Lokacin da abu ya shigo ta bakin mazurarin yana nesa da kunne, don a karkace yake, sai a zana shi ƙasa-ƙasa kuma da rauni. In jirgi ya zo kansa nisan ya ragu, a zana shi sama da ƙarfi. In an wuce ya sake nisa. Baka ke nan. In abin ya bi ta gefe sai a sami rabin baka ko ɗan ɗigo. Kaurin tsakiyarta da launinta su ne suke ba da labarin girma.

Faɗin mazurarin ya danganta da sautin da aka zaɓa. Na kilohaz 200, wato mai kaɗawa sau 200,000 a sakan, a wannan kunnen buɗewarsa digiri 20 ce, da'irar da yake rufewa a ƙasa wajen sulusin zurfin ce. A mita 9, abin da nake saurare bai fi faɗin ɗaki ba, mita 3. Na kilohaz 83 digiri 60 ne, da'irarsa ta ɗan fi zurfin ma faɗi, amma zanensa ba shi da kaifi. Na raba allon biyu ina kallonsu tare. In baka ta fito a mai faɗin kaɗai, kifin yana gefe. In ta fito a duka biyun, yana ƙarƙashina. Dama ko hagu kuwa, wannan kunnen ba shi da hanyar sani.

Wajen la'asar na ga gajimaren ɗigo a mita 4 kusa da ciyawa, da bakuna biyu a ƙasansa. Baba ya ce kawara ce, manya suna bin ta. Na jefa, na sami karfasa huɗu. Azumi ya ƙarato, zan dakata sai bayan Sallah.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya sauka sosai. Ruwan sama digiri 28. Na nufi wajen da ya kai mita 16, sai na ga wani abu da babu shi a Fabrairu: hazo-hazo a kwance, miƙe kamar an ja da zare, tsakanin mita 8 da 9, duk inda na juya yana nan. Na fara zargin waya, na kashe inji, bai tafi ba. Na ƙara ƙarfin saurare, ya ƙara fitowa.

Ina da ma'aunin zafi mai doguwar waya da nake sa wa batiran sola. Na ƙara masa tsawo a gida don irin wannan rana. Na ɗaura masa ƙarfe na sauke shi mita-mita. Daga sama har mita 7 bai sauka ƙasa da 27 ba. Tsakanin 8 da 10 ya faɗo zuwa 23. Daga nan ya tsaya kusan wuri ɗaya.

Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya hau kansa ya zauna, ba sa gauraya. Da hunturu sanyi da iska suna sanyaya na sama, ya nutse, dam ɗin ya juya kansa, shi ya sa ban ga komai ba a watannin baya. Yanzu rana ta dafa na sama, na ƙasa ya rufu. A kan iyakar nan nauyin ruwa yana canjawa, ƙananan halittu da ƙura suna taruwa, su ne suke maido ɗan sautin da ya zama hazo. A ƙasa kuwa ruɓaɓɓen ganye da laka suna cinye iskar shaƙa, babu mai sabunta ta. Na lura duk bakunan da na gani yau a saman layin suke ko a kansa. Ƙasansa fayau.

Na nuna wa Baba a gaɓa, na fara yi masa bayani, ya katse ni.

“Ai wannan mun san shi. Da bazara in ka sa mamari ya yi zurfi, kifin da ya ci da dare kafin safiya ya mutu, har ya fara fari. Mu cewa muke ruwan ƙasa ya mutu. Gaba nawa ta ce?”

“Kusan biyar, Baba.”

Ya gyaɗa kai. “Bana ya yi wuri.”

Asabar, 26 ga Afrilu

Na fara aikin taswira gadan-gadan. Ina tsallaka lungun a miƙe, layi bayan layi, tazarar kusan mita 30, ina ajiye alama a GPS duk inda ƙasa ta canja. A layi na shida ƙasa ta zube daga mita 7 zuwa 13 cikin ɗan taƙi, ta yi shimfiɗar yashi, ta sake hawa. Na same ta a layi na bakwai da na takwas, tana lanƙwasa zuwa arewa. Tsohon rafi ne da yake gangarawa kogi. A gaɓarsa akwai dogayen abubuwa a tsaye masu rassa, guda biyar a jere, kawunansu sun kai mita 4 daga sama. Baba ya ce itatuwa ne, ya ce kallinsa nawa suka ci ba zai iya ƙirgawa ba. Na tsaya a kansu na kashe inji na ɗan jima. Shekara hamsin ke nan suna tsaye cikin duhu a inda suka tsiro.

A bakin gangaren na koyi iyakar na'urar. Na sauke koto har ƙasa a inda allo yake fayau, ko ɗigo babu, kafin minti goma na ciro ragon ruwa mai kusan kilo biyu. A kan gangare, gefen mazurarin yana fara taɓa tudu kafin tsakiyarsa ta kai kwari. Amsar farko mai ƙarfi ita na'urar take ɗauka a matsayin ƙasa, duk abin da ke ƙasa da wannan nisan sai ya nutse cikin jan layi. Kifi yana iya zama mita guda sama da ƙasa a gefen kwarin, ba za a gan shi ba. Ko a shimfiɗaɗɗen wuri ma, kifin da ya kwanta a ƙasa kamar tarwaɗa da kurungu wuyar gani gare shi, don ita kanta tsawar tana da tsawo a cikin ruwa, in abu biyu sun matsu sai amsarsu ta haɗe. A gangare yanzu sautin 200 kaɗai nake bari, tunda mazurarinsa siriri ne, makahon wurin ya fi ƙanƙanta.

Asabar, 10 ga Mayu

Na yi doguwar waya da ƙanena daren jiya. Ya ce tawa tsohuwar yayi ce. Na yanzu ba sauti ɗaya suke bugawa ba, tsawar tana farawa daga ƙasa ta haura sama cikin bugu ɗaya, shi ya sa suke iya raba kifi da ƙasa ko da sun matsu. Akwai masu harba siririn sauti na kilohaz 455 ko 800 zuwa dama da hagu, su zana itace reshe-reshe. Akwai kuma irin LiveScope da kamfanin Garmin ya fitar a 2018, wanda ake kallon kifi yana motsi yana bin koto. Ya ce a can ana ta muhawara ko abin bai yi wa kifi yawa ba. Tafiyar ta yi nisa daga 1948, lokacin da 'yan'uwan Furuno suka fara sayar wa masuntan Nagasaki na'urarsu a Japan, da 1959 da kamfanin Lowrance ya fito da ɗan koren akwatinsa na masu fatsa a Amurka. Ya ce zai nemo mini mai duban gefe. Na ce ya dakata tukuna, wannan ma ban gama karanta ta ba.

Muhawarar tasu ta tsaya mini a rai, domin ni don nishaɗi nake shiga ruwan nan, su Baba kuwa da shi suke ci da iyali. Na yanke shawara biyu. Wuraren da na ga kifi yana taruwa ba zan baza su ba, suna cikin littafina. Wuraren itatuwa kuwa na zana su a kwali da manyan alamu, na haɗa kowanne da abin da ake hangowa a gaɓa, dutse ko bishiya, na ba Baba ya nuna wa masu kalli. Ya karɓa ya juya shi sau biyu, ya gyara mini ɗaya, ya ce akwai na shida da ban gani ba, yamma da sauran.

Wata matsala ta ɓullo a taswirar. Inda na yi gwajin robobi a Fabrairu mita 8 ne, yau 6.7. Ana sakin ruwa zuwa gonakin rani na Kadawa, ga rana tana sha, dam ɗin yana ja da baya kowane mako. Ke nan lambobin Fabrairu da na Afrilu da na yau ba za su zauna a takarda ɗaya ba sai an daidaita su. Da tun farko na yi tunanin wannan da na huta. Yau na sami wani babban dutse kusa da inda muke ɗaure jirgi, na shafa masa farin fenti daidai bakin ruwa, na rubuta kwanan wata. Daga yanzu kowace fita da awon dutsen nan zan fara, kafin in tayar da inji. Lambobin baya kuwa zan koma wurare biyar da na sani in sake auna su, in fitar da bambancin kowace rana.

Saura layi goma sha ɗaya a lungun, da itacen Baba na shida. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da maraice, in ruwan sama ya sauka rafuka za su kawo jan ruwa, ban kuma taɓa ganin yadda allon yake a ruwa mai laka ba. Asabar mai zuwa zan kwana a can don in shiga tun asuba.